Kogi ɗaya, ƙasashe uku: littafin aikin tawagarmu

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Yau muka buɗe zango na biyu. Mu huɗu ne: Hajiya da ke jagorantarmu, wadda ta fi mu duka sanin ƙofofin neman kuɗi, Malam, masanin tattalin arziki, ƙanwarmu mai zana taswira, sai ni da ke riƙe da alƙaluman ruwan sama da na kogi. Aikinmu shi ne mara wa ƙasashe uku na Afirka ta Yamma baya yayin da suke rubuta tsarinsu na ƙasa na jure wa sauyin yanayi, wanda a takardu ake kira NAP. Ba zan kama sunansu ba, don daftarin bai fita ba, kuma nasu ne ba namu ba. Kogi ɗaya ne ya ratsa su, saboda haka zan riƙa cewa ƙasar Sama, ƙasar Tsakiya, da ƙasar Gaɓa inda kogin ke faɗawa teku.

Ga wanda bai saba da harkar ba, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kankun na Meziko aka kafa wannan tsari a 2010. Kafin nan akwai wani shiri tun 2001 na ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, amma shi gaggawa ya sa gaba, wato a toshe inda ke yoyo yanzu. Wannan kuwa dogon zango yake dubawa: yadda noma da kiwo da lafiya da hanyoyi za su tsaya da ƙafarsu nan da shekara ashirin ko talatin. A 2012 ƙwararrun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa aikin suka fitar da jagora mai sassa huɗu da matakai 17. Ƙasashenmu suna sashe na biyu ne, inda ake gano wurin da haɗari yake da wanda zai fi shafa. A taron Dubai na bara an ƙidaya ƙasashe 51 da suka miƙa nasu, aka nemi saura su kammala zuwa 2025, su kuma yi nisa da aiwatarwa zuwa 2030. Asusun GCF, wato asusun duniya na tallafa wa ayyukan sauyin yanayi, na ba kowace ƙasa har dala miliyan 3 don wannan aiki.

Abin da muka ɗauki alkawarin gani kafin farkon Disamba shi ne babin haɗari na kowace ƙasa, da babi guda kan abubuwan da ke tsallake iyaka. Hajiya ta kafa mana sharaɗi tun kafin mu buɗe kwamfuta. Ta ce, "Ba mai rubuta wa kowa ko layi ɗaya. Mu riƙe musu fitila, su yi rubutun da hannunsu."

Alhamis, 5 ga Satumba

Wasiƙun neman alƙaluma sun tafi hukumomin hasashen yanayi na ƙasashen uku. Ƙasar Gaɓa ta amsa yau ɗin nan.

Laraba, 11 ga Satumba

Ba mu yi aikin kirki jiya ba. Madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ba a kan koginmu take ba, amma duk wanda ke wannan sana'a ya san irin haka na iya faruwa a ƙofarsa. Daminar bana ta yi ɓarna a Nijar da Chadi da Mali, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon watan nan.

Da daddare na koma kan jadawalin da ƙasar Sama ta turo na abin da babinta zai ƙunsa. Fari ya ci shafi goma sha ɗaya, ambaliya rabin shafi. Ban ga laifinsu ba. Wasu manyan hukumomin yankin nan fari ne ya haife su: bayan masifar farkon shekarun 1970 aka kafa CILSS, hukumar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a 1973, aka buɗe cibiyarta ta horo da nazarin yanayi da ruwa, AGRHYMET, a Yamai a 1974, sannan farin 1984 ya ƙara kafa tsoron a zukata. Manyan da ke jagorantar ma'aikatu yau a wannan tsoron suka taso. Sai dai ruwan ya sauya hali. Tun shekarun 1990 ya ɗan dawo, amma ba yadda ya tafi ba: yana zuwa da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, sannan ya ɗauke ya bar shuka tana jira. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadarurruka masu tsananin ruwa a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Gona ɗaya kan sha fari a Yuni ta sha ambaliya a Agusta. Na rubuta musu wannan a taƙaice, na roƙe su su sake duba rabon shafukan.

Juma'a, 20 ga Satumba

Kwana biyar ke nan ina ƙasar Tsakiya. Alƙaluman da suka ba ni a kwamfuta daga 1998 suka fara, alhali ana buƙatar aƙalla shekara talatin kafin a ce ga yadda yanayin wuri yake. Ma'aunin da duniya ke amfani da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020. Da na tambayi na baya, sai aka ce suna nan a takarda.

Ɗakin yana bayan ofis, tagarsa ɗaya. Littattafai ne dogaye masu koren bango, an ɗaure su goma-goma da igiya, an jera daga ƙasa har kusa da rufi. Gara ta ci layin ƙasa, wasu in ka ɗaga sai su zube kamar dusa. Kowane shafi wata guda ne na tasha guda: kwanaki a hagu, milimita a dama, sa hannun mai awo a ƙasa. An kira mini wani dattijo da ya yi shekara talatin da wani abu yana awon ruwa kafin ya yi ritaya. Kowa Baba yake ce masa. Ya zo da gilashinsa ɗaure da zare, ya zauna kan benci, ya ce in riƙa miƙo masa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na koya wurinsa cikin kwana uku ba ya cikin kowace jagora. Yana gane mai awo daga rubutunsa. Ya nuna mini tashar da aka matsar da ma'auninta daga fili zuwa gindin bishiya, ya ce daga wannan shekarar kada in yarda da ita sosai, ganye na tare ruwa. Ya nuna mini alamar da ake sawa in an yi yayyafin da bai kai a auna ba. Ya kuma tuna mini cewa awon da aka yi da safe na jiya ne, kuma ba kowane mai awo ne ya kiyaye wannan ba, don haka wasu tashoshin kwana ɗaya suke gaba da maƙwabtansu. A wani shafin na Agusta ya ɗora yatsa kan wani adadi da aka rubuta da jan biro, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ranar nan ma'aunin ya cika ya zuba. Abin da ka gani a nan shi ne abin da ya rage a ciki, ba abin da ya sauka ba."

Mun ɗauko matasa biyu daga hukumar, mun sayi fitila da maƙalin waya, suna ɗaukar hoton kowane shafi. Mun zaɓi tashoshi 22 da suka fi daɗewa. Sharaɗin da shugaban hukumar ya kafa daidai ne: hotunan da alƙaluman su zauna a hannunsu, mu kwafi kawai za mu riƙe.

Alhamis, 26 ga Satumba

Tashoshi tara sun shiga kwamfuta. Ƙasar Sama ta sake rabon shafukanta, ambaliya ta samu babi ƙarami nata.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na yi kuskure babba, kuma dole in rubuta shi yadda ya faru.

Ranar Litinin na haɗa alƙaluman tashoshi goma sha biyar na fitar da zane. Tashoshi uku na arewacin ƙasar Tsakiya suka nuna ruwa ya ragu sosai a tsakiyar shekarun 1990, raguwar da ba ta bayyana a sauran ba. Maimakon in tsaya in bincika, sai na nuna wa tawagar ƙasar a taronmu na intanet. Suka karɓa hannu bibbiyu, don ya dace da abin da suka daɗe suna ji, har suka fara rubuta sakin layi a kai.

Ƙanwarmu mai taswira ce ta cece mu. Ta ɗauko alƙaluman CHIRPS, waɗanda ke haɗa hoton tauraron ɗan'adam da awon tashoshi tun daga 1981 a kan murabba'i mai faɗin kusan kilomita biyar, ta ɗora su kan nawa. Ba su ga wannan fari ba. Ta zo ta tsaya bayana ta ce, "Yaya, duba watannin nan. Ruwa sifili a Yuli da Agusta, shekara biyu a jere? Ko a 1984 ba a yi haka ba."

Na kira Baba na karanta masa sunan tashar da shekarar. Bai ko nemi littafi ba. Ya ce mai awon wurin ne ya rasu, aka yi wata da watanni ba a turo wani ba. Sauran biyun kuma ma'aunin ne ya fashe aka daɗe ba a sauya ba. Shafukan fayau suke, ba a rubuta komai ba. Matasan sun yi daidai, sun bar gurbin babu komai. Ni ne da na shigar da su manhajar lissafi na bar ta ta mayar da kowane gurbi sifili. Ranar da ba a auna ba ta koma ranar da ba a yi ruwa ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne inda wannan zai kai da bai fito ba. Zanen zai shiga babin haɗari, babin ya haifi shawara, shawarar ta zama rijiyoyi da iri mai jure fari a yankin da wataƙila magudanar ruwa ya fi buƙata. Jiya na kira tawagar ƙasar na faɗa musu da bakina, na nemi afuwa. Shugabansu ya ce abin da ya wuce ya wuce, amma daga yau yana so ɗaya daga cikin yaransa ya riƙa maimaita duk lissafin da na yi kafin a yarda da shi. Na ce haka ya kamata tun farko.

Asarar: kwana tara na aiki, da ƙarin mako biyu na alawus ɗin matasan don su koma su sa wa kowane gurbi alama ta daban.

Talata, 8 ga Oktoba

Sabuwar matsala, amma mai daɗin warwarewa. Ƙasashen uku kowace da yadda take fassara faɗuwar damina. Ƙa'idar da aka fi sani a Sahel ita ce a samu milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai a jere ba ruwa cikin kwana talatin da ke biye. Ƙasar Sama da ita take aiki. Ta Tsakiya ta ɗan sassauta, ta Gaɓa kuma damina biyu take yi a kudancinta, don haka nata lissafin daban ne. Da aka haɗa taswirar, sai ga damina tana "faɗuwa" da bambancin mako biyu tsakanin garuruwa biyu da kogi kawai ya raba. Mun amince kowace ta riƙe tata a cikin gida, amma babin haɗin gwiwa ya bi ƙa'ida ɗaya.

Talata, 15 ga Oktoba

Wata matashiyar jami'a a ma'aikatar muhalli ta ƙasar Sama ta turo mini shafi guda daga tsohon daftarin da wani kamfani ya rubuta musu a zangon farko, kafin zuwanmu. Ta ja layi ƙarƙashin sakin layi na uku. Yana magana ne kan hawan ruwan teku da yadda gishiri ke shiga gonakin shinkafa na bakin gaɓa. Ƙasar Sama ba ta da teku. Daga babban birninta zuwa gaɓa mafi kusa tafiyar kwanaki ce a mota.

Mun bi daftarin shafi-shafi. Kusan rabinsa an ɗebo shi ne daga na wata ƙasa aka sauya sunaye. An biya kuɗinsa, an yi taron amincewa da shi, mutane da yawa sun sa hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin kawai ba. Manoman da aka tara a zangon farko aka tambaye su halin da suke ciki, sun bar aikinsu sun zo sun yi magana, kuma babu kalmarsu ko ɗaya a ciki.

A nan muka saɓa da Hajiya. Na ce lokaci ya ƙure, alƙaluman suna hannuna, a ba ni kwana goma ni da Malam mu rubuta musu babin su duba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "To me ya raba ka da kamfanin? Naka zai fi nasu gaskiya, na yarda. Amma ranar da ministan kuɗi ya tambayi yarinyar nan daga ina adadin nan ya fito, kana ina? Kayan aro ba ya rufe katara." Ban ji daɗi ba a lokacin, don ina ganin Disamba na matsowa. Amma ita ce da gaskiya. Burkina Faso da Kamaru tun 2015 suka miƙa nasu, kuma abin da na sha ji daga waɗanda suka daɗe a harkar shi ne miƙa takarda ba shi ne wahalar ba, wahalar ita ce a samu mutanen cikin gida da za su ci gaba da ɗaukarta bayan baƙi sun tafi.

Mun yanke: jami'ar nan da abokan aikinta uku za su rubuta, ni kuma in zauna da su awa biyu kullum ta intanet. Babin ƙasar Sama zai makara da mako uku.

Litinin, 21 ga Oktoba

Lissafin rabin zango. Mun kashe kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin, alhali rabin aikin bai cika ba. Tafiye-tafiye ne suka fi ci, don sau biyu ana soke jirgi muna zagayawa ta wata ƙasa. Fassara tsakanin Faransanci da Ingilishi ta ci ninki biyun abin da aka ware mata. Ceto littattafan Baba kuwa, wanda a ganina shi ne mafi amfani a duk abin da muka yi, bai kai kuɗin taron otal na kwana ɗaya ba. Mun soke taron ƙaddamarwa da aka tsara a Disamba, kuɗinsa ya koma kan sauran tashoshin.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Zama da daraktocin noma na ƙasashen uku kan hasashen shekarun 2050. Ɗaya daga cikinsu ya katse ni ya ce, "Ka faɗa mini a kalma ɗaya, ruwa zai ƙaru ko zai ragu?" Na ce, ranka ya daɗe, kan zafi duk manhajojin hasashe bakinsu ɗaya, zai ƙaru. Kan ruwa kuwa sun rabu: da yawa suna nuna ƙari a tsakiya da gabashin Sahel, raguwa a can yamma, kuma a kan wasu wuraren suna saɓa wa juna. Ya ce to da me zai yi shiri? Malam ne ya amsa. Ya ce a fara da abin da zai yi amfani ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu: hasashen damina ya isa kunnen manomi kafin shuka, a ajiye iri iri biyu, a gyara ƙasa ta riƙa riƙe ruwa, a daina ba da fili a hanyar ruwa. Daraktan ya rubuta, amma na ga ba amsar da ya zo nema ba ce.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kwana biyu na taron babin haɗin gwiwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake buƙatar tawagar yanki tun asali, don kowane tsari na ƙasa a bakin iyaka yake tsayawa, ruwa kuwa ba ya tsayawa.

Na buɗe da misalin Kogin Neja, tunda kowa ya san shi. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200, kuma ƙasashe tara ne a hukumar da ke kula da shi, mai hedikwata a Yamai. A Yamai sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan kusa irin su Sirba ke kawowa cikin gaggawa. Akwai kuma ruwan Gini, wanda ke bazuwa cikin fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni kafin ya iso wajen Disamba da Janairu, lokacin da sama ta bushe ƙaƙas. Mutumin da ke noman rani a bakin kogi a Janairu yana cin albarkar ruwan da ya sauka a wata ƙasa wata huɗu ko biyar da suka wuce. In tsarin ƙasarsa bai san da wannan ba, bai san rabin rayuwarsa ba.

Da muka zo kan nasu kogin sai zance ya yi nauyi. Ƙasar Tsakiya da ta Gaɓa suna so a riƙa sanar da su kullum yawan ruwan da ake saki daga madatsar ƙasar Sama. Injiniyan ƙasar Sama, mutum mai natsuwa, ya ce shi da kansa yana so, amma adadin nan a wurinsu ba ya fita sai da izinin minista, kuma ba shi da hurumin sa hannu. Wakilin ƙasar Gaɓa ya ɗaga murya, ya ce mutanensa ne ke kwana kan rufin ɗaki. Hajiya ta ɗage zaman.

A hutun ne abin ya warware, ba a zauren ba. Na iske injiniyan da takwaransa na ƙasar Gaɓa sun sunkuya kan waya ɗaya. Ashe tare suka yi kwas a AGRHYMET shekaru da suka wuce. Suka dawo da shawara mai hawa biyu: yanzu-yanzu, masu karanta ma'aunin kogi na ƙasashen uku su buɗe zaure ɗaya a WhatsApp, su riƙa sa tsayin ruwa a ma'aunansu kowace safiya, tunda wannan ba sirri ba ne, duk mai wucewa ta gada yana gani. Sannan kowace ƙasa ta rubuta a tsarinta, da kalmomi iri ɗaya, cewa za ta nemi yarjejeniyar musayar bayanan madatsa. Bai kai abin da na so ba, amma ya fi abin da muka zo da shi.

Batun makiyaya bai samu ko wannan ba. ECOWAS na da ƙa'ida tun 1998 kan ƙetare iyaka da dabbobi, har da takardar shaida, amma burtali da mashaya da yawa sun zama gonaki, kuma in damina ta makara garke kan gangaro kudu kafin a girbe. Ga kuma abin da kowa ke tunani ba ya faɗa: tun 28 ga Janairun bana Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, kuma dabarun yanayi na yanki da ECOWAS ta amince da su a 2022 an gina su ne kan cewa kowa na ciki. Mun bar sashen a buɗe. Na lura babu makiyayi ko ɗaya a zauren, kuma mu ne muka tsara jerin waɗanda aka gayyata. Za mu gyara.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta na shekara kan giɓin kuɗin jure wa sauyin yanayi. Abin da ƙasashe masu tasowa suka samu daga waje ya tashi daga dala biliyan 22 a 2021 zuwa 28 a 2022, amma giɓin yana tsakanin biliyan 187 da 359 kowace shekara.

Malam ya shiga da wannan adadi ma'aikatar kuɗi ta ƙasar Gaɓa, inda sai yau aka ba shi lokaci bayan wasiƙa uku. Ya ce jami'in kasafin bai ko ɗaga kai ba sai da ya ajiye maganar duniya ya fito da takarda guda: nawa aka kashe wajen gyara gadoji da kwalbatoci uku da ruwa ya cinye a shekaru biyar, da nawa za a ƙara tun farko a gina su da faɗin da zai ɗauki ruwan yanzu. Daga kundin ma'aikatar ayyukansu aka ciro adadin, yaransu ne suka tattara. Nan take jami'in ya nemi kwafi, ya kuma ba da sunan wanda zai riƙa zama a kwamitin. Malam ya ce masa masu ba da tallafi sun fi sakin hannu in sun ga ƙasa ta sa nata, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Rabin mutanenmu na ƙasashen uku sun tafi taron sauyin yanayi na Baku, aiki ya lafa. Tashoshi 22 sun kammala, an duba su sau biyu. Zauren masu karanta ma'auni ya kwana goma sha biyu ba a tsallake safiya ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba

An rufe taron Baku jiya da asuba. An tsaya kan dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035, alhali ƙasashe masu tasowa tiriliyan 1.3 suka nema, kuma ba a ware wa jure wa sauyin yanayi kaso nasa na daban ba. Jami'ar ƙasar Sama ta rubuto mini da safe tana tambaya ko akwai amfanin ci gaba da wahala kan tsarin da ba a san mai biyan kuɗinsa ba. Na ce mata ta raba ayyukan da suka lissafa gida biyu, waɗanda sai da kuɗin waje da waɗanda doka ko umarni kawai suke buƙata. Da yamma ta dawo da jerin. Cikin ayyuka 31, goma sha biyu ba sa jiran kowa: ƙa'idar faɗin kwalbati, hana gini a fadama, sa hasashen damina cikin shirin rediyon manoma, da mayar da masu awon ruwa cikin kasafin shekara.

Talata, 3 ga Disamba

Inda muke. Babin ƙasar Gaɓa ya kammala, yana gaban kwamitinsu. Na ƙasar Tsakiya saura taswira biyu. Na ƙasar Sama ya kai kashi biyu cikin uku. Rubutun bai kai na kamfanin santsi ba, amma ranar Juma'a na ji jami'ar tana kare kowane adadi a gaban daraktanta ba tare da ta waiwayo ni ba. Babin haɗin gwiwa yana da sashen kogi, ba shi da na kiwo. Kuɗin da ya rage zai kai mu ƙarshen Janairu in ba mu yi tafiya fiye da ɗaya ba, kuma Hajiya ta tura takardar neman ƙarin wata uku.

Zango na gaba: zama da shugabannin makiyaya na ƙasashen uku a mako na biyu na Janairu, a kusa da mashaya ba a babban birni ba, kafin ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata a ƙarshen watan. Malam zai fara ƙiyasta kuɗin ayyuka biyar na farko a kowace ƙasa. Ni kuma zan koya wa mutum biyu-biyu daga kowace hukuma yadda ake tace alƙaluma, kuma darasin farko shi ne na gurbi da sifili.

Baba ya kira ɗazu. Ya ce ya tuna akwai wasu littattafan a tsohon ofishin filin jirgin sama na arewa, na tashoshi goma sha huɗu, wasu tun kafin samun 'yancin kai, kuma rufin ɗakin yana yoyo. Na tambayi Hajiya, ta ce a cire kuɗin motar daga na buga rahoto. Matasan biyu za su tashi ranar Asabar, shi ma ya ce zai bi su.